Yaya Dakta da Kular Maman Rahila

Wallahi saura kaɗan in fasa ba da labarin nan. Da 'yan'uwa suka ce, "Alhaji Sallau, kai ka fi kowa zama da ita, kai za ka faɗi wani abu," cewa na yi su nemi wani. Na farko dai, akwai wurin da ni ne na tafka abin kunya a ciki, kuma shekara shida ke nan ina addu'ar a manta. Na biyu, na san halin mai labarin. Da tana nan, ina gamawa za ta karɓi takardar, ta ɗaga ta sama wajen haske, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Da saura."

Kun dai san kalmar nan. Ka kawo wa Yaya Dakta ruwa a kofin gilashi, sai ta ɗaga shi ta haska, da saura. Wanki, da saura. Sharar tsakar gida, da saura. Mijin 'yarta Maryam ma, ranar da ya fara zuwa gaisuwa, ta dube shi daga hula har takalmi ta ce da saura. Yana nan da ransa, ku tambaye shi.

Ga wanda bai san mu ba, Dakta Binta abokiyar wasana ce, uwarta da ubana ciki ɗaya. Ta girme ni da shekara takwas. Ita tana ce mini bawanta, ni ina ce mata baiwata, kuma tun muna yara ba wanda ya iya raba mana gardamar nan. Ni direba ne. Na yi Legas, na yi Kwatano, na yi Agadas da Njamena, har Jidda na taɓa. Da ciwon baya ya koro ni gida, unguwar Magajiya a Suleja, sai na tarar tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Abuja, kullum sai ta je ta dawo Suleja. An ba ta gida a can ta ƙi. Wai ba za ta zauna garin da maƙwabci bai san abin da ka dafa ba.

Ta ce, "Sallau bawana, tunda ka gama yawon duniya ba ka kawo mana komai ba sai ciwon baya, zo ka riƙa ja na."

Ranar farko na yi kuskuren tambayarta, "Yaya, wai me kike yi ne a can?" Ta ce in bari sai mun koma gida. Sai da muka dawo da la'asar ta dire mini faranti cike da shinkafa 'yar gida.

"Tsince."

Na fara tsinta, ita kuma ta fara bayani.

"Akwai ciwon da ba sauro ya kawo shi ba, ba ruwa ba. A rubuce yake a jikin mutum tun daga iyaye, kamar sikila. To an gano ana iya aika wa jiki gyararren rubutu. Ana ɗora rubutun a kan wani ɗan zobe na ƙwayar halitta, sunansa filasmid, ido ba ya ganinsa. Wa zai kwafa maka zoben nan da yawan da ake buƙata? Bakteriya, 'yan ƙwayoyin cutar nan. Ka saka musu ɗaya, ka ba su romo, kafin gobe sun hayayyafa, kowa da kwafinsa a ciki."

Na ce, "To ai shi ke nan."

"Da saura! In ka fasa su don ka kwashi zoben, dattinsu na biyo shi. Akwai wani dafi a fatarsu, in ya shiga jini, zazzaɓin da zai kawo sai ya kayar da ƙato. Kowa yana can yana fama da tacewa, yana tsintar tsakuwa kamar yadda kake yi yanzu. Ni kuwa su bakteriyan nake gyara wa halitta. So nake shinkafar ta fito ba tsakuwa tun daga gona."

"Wato kiwo kike yi."

"Kiwo nake yi. Kuma dabbobina sun fi ka jin magana."

Ta janye farantin, ta karkata shi wajen haske, ta turo mini abina. Ba sai na faɗa muku abin da ta ce ba. Ashe shinkafar da za a dafa ce, ta samu mai tsinta a ɓagas.

Abin da ba ta faɗa ba ranar, wanda duk mun sani, shi ne Habibu. Ɗanta na fari. Sikila ta ɗauke shi yana shekara goma sha ɗaya. Tun daga nan ba ta ƙara kiran sunansa a gaban mutane ba, kuma ba wanda ya isa ya kira a gabanta.

Bari in ba ku na shinge. Wata safiya kafin Zuba aka tsayar da mu, wani ƙaton jami'i ya leƙo ya ga akwati a cinyarta.

"Madam, wetin dey insaid? Me ke ciki?"

"Ƙwayoyin cuta."

Kai! Mutumin nan sai da ya yi tsalle baya, hularsa ta kusa faɗuwa. Ya ce, "Guda nawa?"

"Ban ƙirga ba yau. Sun dai fi mutanen garinku."

Ni ina ta yi mata alama da ido, ina! Ta riga ta buɗe ƙofa ta fito. Ta ce masa, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Waɗannan na gida ne, an hore su, ba sa cizo. Na tafin hannunka su ne abin tsoro. Miƙo in gani." Ta zaro sabulu daga jaka, ta sa na ɗauko jarkar ruwan da nake zuba wa mota. A bakin titi, motoci sun yi layi suna oda, ta tsaya a kansa yana cuɗa 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ya nuna mata. Ta kanne ido. Ya sake wankewa.

Daga ranar, in ya hango motarmu tun daga nesa sai ya ɗaga hannu biyu sama, ba don gaisuwa ba, don ta ga a wanke suke.

Sai ranar da ta zubar mini da mutuncin sana'a. Su dabbobin nan nata ba sa girma sai ana jijjiga su, kamar jariri a goye, kuma da ɗumi daidai na jikin mutum. Akwai injin da ke musu haka. Injin ya lalace, abin gyaransa sai daga waje. Lokacin bazara ne, zafin Suleja ya kai maƙura. Da safe na ga ta jera kwalabe a kwali, ta cusa tsummoki a tsakani, ta zauna kusa da su a kujerar baya da ma'aunin zafi a hannu.

"Mu je bayan Garam, tsohuwar hanyar ƙasar nan."

"Wa za mu gaisar a can?"

"Ramuka."

Jama'a, shekara ashirin da biyar ina tuƙi, abin alfaharina ɗaya ne: fasinja na barci a motata bai san an wuce rami ba. Yau ga ni ana ce mini, "Sallau, ka kauce wa wancan! Koma ka shiga!" In ma'aunin ya hau ta ce sauke gilashi, in ya sauka ta ce ɗaga. Mu je, mu dawo, mu je, mu dawo. A zuwa na tara wani ɗan acaɓa da ke mahaɗa ya kasa haƙuri, ya tare ni.

"Baba, in ɓata kuka yi ku faɗa mana mana!"

Ta leƙo ta ce, "Yara muke yi wa rawa."

Ya leƙa bai ga yaro ko ɗaya ba. Ya tada babur ɗinsa ya bar wurin.

Da yamma romon ya yi kauri, ta shinshina ta yi murmushi. Ta ce, "Ka gani? Yau tuƙinka ya fara amfani." Kwana biyu ina kwance saboda baya. Ta zo duba ni da kwanon romo mai zafi. Sai da na sa ta rantse nawa ne ba nasu ba kafin na sha.

To, yanzu ga wanda ban so in faɗa ba.

Wata Juma'a, ana shirin dogon hutu, babban firizan wurin aikinsu ya mutu. A cikinsa take ajiye irin dabbobinta, a wasu 'yan robobi goma sha biyu, kowace ba ta kai ɗan ƙaramin yatsa ba. Aikin shekara goma sha biyar ke nan. Ɗaya mai jan murfi ita ce gwanar, wadda dafinta ya fi ragu. Ta kwaso su a ɗan akwatinsu muka taho gida, muka tarar ba wuta, firizan gida ya zama akwatin kaya. Sai ta aro kular Maman Rahila.

Maman Rahila malamar makaranta ce, 'yar Filato, tana haya a sashen baya na gidanmu. 'Yarta Rahila ma sikila gare ta. Kularta shuɗiya ce babba, murfinta na kamawa tsam. Yaya ta cika ta da ƙanƙara, ta binne akwatin a tsakiya, ta manna takarda a murfin da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA.

Asabar da safe ta fita sayo ƙarin ƙanƙara da kanta, don ba ta yarda da zaɓin kowa ba, ita ma sai ta haska ta. A ranar kuwa ana bikin 'yar wata gwaggonmu a unguwar Wambai. Kun san yadda ake yi, duk kular da ke unguwa aro take tafiya. Matan gida suka jera su a tsakar gida, suka ce, "Alhaji, taimaka ka kai mana." Na loda shida. Na waiga na ga shuɗiya a inuwa da takardarta.

Ku yi mini adalci. A bikin garin nan, kular da aka rubuta wa KADA A TAƁA ta su wa ce? Ta dangin ango! Da na ɗaga na ji nauyi har cewa na yi, "Kai, mai wannan ta yi ƙoƙari." Na kai ta har ɗakin da aka sauke su, na dawo ina shan shayi.

Sai ga Yaya da buhun ƙanƙara. Ta dubi inuwar. Ta dube ni.

"Salisu. Ina shuɗiyar kula?"

Ba ta ce Sallau ba, ba ta ce bawa ba. Muryar ƙasa-ƙasa. A nan na san na mutu.

Ban san yadda muka isa Wambai ba. Maman Rahila ta faɗo motar ita ma, da cokalin miya a hannu. Muka tarar gida ya cika, kiɗa na tashi, mata sun sha anko. Yaya ta ratsa su da zanen gida, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa, ta karɓe makirfon daga hannun mai sanarwa.

"Salamu alaikum. Duk wadda ta buɗe shuɗiyar kula ta ɗaga hannu."

Aka hau kallon juna. Can wata daga dangin ango ta ce, "Mu muka buɗe. Kuma dama muna neman mai ita. Haba! Mu taso tun daga Zariya a aiko mana da ƙanƙara zalla? Ko ƙashin kaza babu?"

Allah ya taimake mu, haushin bai sa sun zubar ba. Robobin zoɓo suka cusa a ciki. Yaya ta durƙusa ta tona, ta zaro akwatin, ta ƙirga. Goma sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa. Mai jan murfi ba ta nan.

Sai wata tsohuwa a kan tabarma, kakar ango, ta gyara zama tana dafe haɓar zaninta. Yaya ta hango ƙullin.

"Iya, me kika ɗaure a nan?"

"Rabona."

"Kin buɗe?"

"Na so in shafa, murfin ya ƙi. Ba ɗan miskin nan na Makka ba ne?"

Yaya Dakta, wadda manyan masana ke miƙe wa tsaye, ta ja gwiwa har gaban tabarmar. "Iya, ki ba ni wannan, in ba ki turaren da ya fi shi."

Tsohuwa ta ƙare mata kallo. "In da wanda ya fi shi, me ya kawo durƙuso?"

Aka fashe da dariya. Yaya ba ta yi ba. Ta jira har dariyar ta mutu, sannan ta ce, "Iya, ba turare ba ne. Ina da ɗa, sunansa Habibu. Sikila ta kashe shi a hannuna, ina da ilimi ban iya yi masa komai ba. Abin da ke zaninki, shekara goma sha biyar nake renonsa, ko Allah zai sa wata uwar ta huta. In ya ɗumama da yawa mutuwa zai yi."

Wallahi tun rasuwar yaron ban ji sunan a bakinta ba sai ranar.

Tsohuwar nan ta kwance ƙullin da haƙori. Ta miƙa mata. "Ai sai ki faɗa tun farko, 'yar nan. Ni uku na binne." Ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce, "To, turaren da kika ce fa?"

Yaya ta waigo ta dube ni. Haka na rabu da kwalbar turaren da na ɓoye tun daga Jidda.

Robar ta riga ta narke, har da ɗumin jikin Iya. Muka kamo hanyar gida. Sai Maman Rahila ta ce a hankali, "Dakta, abeg, abin da ke cikin kulata, maganin sikila ne?"

Da wata ce, da ta ce e don ta faranta mata. Ban da Yaya. Ta ce, "A'a, Maman Rahila, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba magani ba ne. Kayan haɗa maganin ne, in an dace. Da saura, da saura sosai."

Maman Rahila ta ce, "To riƙe kular har a gama."

Washegari muka je wurin aikin, ta shafa abin a ɗan faranti ta rufe. Litinin da safe muka koma. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci. Ta ɗaga farantin wajen taga, ta daɗe, sannan ta ce, "Zo ka gani, bawana." Wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare sun fito kamar an watsa gero. Da na ji "bawana" sai da na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Sun sha biki, sun sha zanin tsohuwa, sun rayu. Kai ramuka kaɗai suka kwantar da kai." Daga ranar ta raɗa wa mai jan murfi suna Kaka.

Amma taurin kai bai bar ta ba. Akwai tsohuwar ɗalibarta, Dakta Ladi, da ke aiki a Zariya. Shekara da shekaru tana roƙo a ba ta Kaka su gwada, su raba wa wasu masu binciken. Kullum amsa ɗaya: "Ba zan ba da abin da za a kai jinin ɗan wani ba alhali da saura." Tun bayan bikin nan, makullin akwatin a wuyanta yake kwana. Na sha ce mata, "Yaya, in kika tafi da makullin nan fa?" Sai ta ce, "Bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa wa'azi."

Da ciwo ya kwantar da ita bana, wata rana da hantsi ta sa aka kira ni. Takardar sakamakon gwaji na ƙarshe na hannunta. Ta ɗaga ta wajen taga, ta kanne ido.

"Da saura," in ji ta.

Na matso kusa da ita.

"Amma idona ya gaji, Sallau. Wasu su tsinci ragowar." Ta ciro makullin daga wuya. "Ɗauki kular Maman Rahila. Ka je wurin aiki ka ɗauko akwatin, su zuba maka busasshiyar ƙanƙarar nan mai hayaƙi, ka kai wa Ladi. Ka ce ta ba duk wanda ya nema. Kuma yau, don Allah, ka kauce wa ramuka."

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Daga Abuja har Zariya ko ruwan kofi ba zai zube a motar ba. Na miƙa kular hannu da hannu, na juyo. Na tarar da ita ido biyu.

"Sun isa?"

"Sun isa lafiya, Yaya."

Na jira kalmar. Ba ta zo ba. Ta lumshe ido ta ce, "Madalla. Je ka, na 'yanta ka."

Na ce, "Wa ya 'yanta wa? Ai ni ne ubangidan." Ta yi 'yar dariya. Bayan kwana huɗu ta rasu.

Allah ya jiƙan Yaya Binta. Allah ya haskaka kabarinta kamar yadda take son haske, ya wanke ta tas har ba saura. Allah ya sada ta da Habibu, ta kira sunansa yadda take so. Abin da ta rena kuma, Allah ya raya shi a hannun waɗanda ta bar wa.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, ina naɗe tabarmi sai ga Maman Rahila. Rahila na bayanta, ta zama budurwa yanzu, ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Ta juya kamar za ta tafi, sai ta tsaya.

"Alhaji, kulata tana Zariya, ko? Ba gaggawa nake yi ba. Na dai san a gidan nan ba ku taɓa mayar mini da kwano ba komai a ciki ba. In za su dawo da ita, me kake gani za su sako wa Rahila?"